Motar kyauta ba almubazzaranci ba ce

Wallahi duk mai cewa bas ɗin kyauta ɓarnar kuɗin gwamnati ne ina ganin bai taɓa tsayawa bakin titi da asuba yana lissafin canjin aljihunsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shi ke yanke wa talaka hukuncin ko zai fita nema ko zai zauna gida, har gwamnatocin Kwara da Edo sai da suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a sati saboda sun san albashin ba zai kai ba. To wannan fa ma'aikacin gwamnati ne. Lebura da mai wanki da mai gadi waye zai rage musu ranaku? In ba su fita ba babu tuwon dare.

Ka ɗauki mai fitowa daga Mararaba ko Nyanya zuwa cikin Abuja kullum, albashi mafi ƙanƙanta dubu 70, mota ta cinye kaso mai tsoka kafin a zo maganar haya da makarantar yara, shi ya sa za ka ga an samo wa mutum aiki ya ce ba zai iya ba, a ce masa malalaci, alhali lissafi ya yi ya ga wa direba zai riƙa yi wa aiki.

Kuma ba aiki kaɗai ba ne. Mace mai ciki ta fasa zuwa awo, tsoho ya bar ranar ganin likita ta wuce, zumunci ma ya koma sai ta waya.

A Delhi ta Indiya tun 2019 mata ke hawa bas ɗin gwamnati kyauta, ƙasar Luksambok da ke Turai kuma ta mayar da bas da jirgin ƙasa kyauta a 2020. Nan gida ma Kaduna ta fito da motocin CNG masu aiki da iskar gas a 2025 ana ɗaukar mutane ba ko sisi.

Amma don Allah a gane, kyautar da ba ta zuwa kan lokaci ba ta da amfani ga mai shiga aiki ƙarfe bakwai. In motar babban titi kawai take bi, wanda ke can ƙarshen unguwa sai ya biya ɗan sahu ko acaɓa kafin ya iso tasha, ya tarar da layi, ya makara, oga ya yanke masa kuɗi. Ni roƙona a ƙaro motoci, su fara fita tun bayan sallar asuba, su shiga unguwannin bayan gari inda masu ƙaramin ƙarfi suke, kuma a ware kuɗin gyaransu a cikin kasafi tun yanzu.