Teburin Yaya mai kujera 24

Shekara tara ke nan ina cin abinci da ɗakunan taron mutane a Ingila. Aikina haɗa waya, lasifika, makirufo da allon bango a ofisoshi, tsakanin Lidis da Mancesta. Duk ɗakin da manyan kamfani za su zauna su yanke shawara, sai irinmu mun riga su shiga, mun rarrafa ƙarƙashin tebur. Shi ya sa da na zo Katsina a watan Afrilu, Yayana ko ruwan kirki bai bari na sha ba, ya ce in taso in ga sabon ɗakin taron da suka yi a kamfaninsu na taki da iri, "tunda kai ne Baturen gidan."

An kashe kuɗi, wannan babu musu. Tebur ne baƙi wuluk, dogo kamar layin mai, kujera 24 na kewaye da shi. Ƙasa tayil mai santsi, sama silin da fitilu kala uku, bangon yamma kuwa gilas ne tun daga ƙasa har sama. A can ƙurya ga kujerar shugaba, ta fi sauran tsawo da kusan kamu ɗaya. Yaya ya tsaya yana kallona yana jiran yabo. Ni kuma na yi abin da na saba yi a duk ɗakin da na shiga, na tafa hannu sau ɗaya. Ƙarar ta daki gilas, ta daki tayil, ta dawo mana.

"Mene ne kuma haka?"

"Yaya, ɗakin nan yana amsa kuwwa. Wanda ke can ƙarshe ba zai ji ka ba."

Ya ce ai akwai makirufo. Na yi shiru, don gaba da gabanta.

Washegari suka yi taro da dillalansu, na zauna a gefe. Wajen ƙarfe uku da rabi aka ɗauke wuta, kafin yaron janareto ya dawo daga inda ya tafi, ɗakin ya koma tanda. Ranar bazara ce, irin wadda zafi ke haura digiri 40, ga ta ta faɗo kan gilas, ga shi babu taga ko ɗaya da ake buɗewa. Wani dattijo da ya zo daga Mashi sai tambayar na kusa da shi yake yi, "Me Alhaji ya ce?" Da aka tashi sallar la'asar, gefen babbar rigarsa ya naɗe a tayar kujera, sai da mutum biyu suka duƙa suka warware ta. Wanda ya ƙera kujerar nan bai taɓa ganin malum-malum ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne irin wannan ɗakin nake cirewa a can. Rabin kwangilar da muke samu yanzu ta rage dogon tebur ce, a sare shi, ko a kawo mai zagaye ko mai siffar kofaton doki, don kowa ya ga fuskar kowa, kyamara ma ta ga kowa. Suna manna wa bango allunan ulu masu shanye ƙara, suna shimfiɗa kafet, suna rataye labule mai kauri a kan gilas ɗin da suka saya da tsada shekara goma da suka wuce. A wasu ɗakunan har wata 'yar na'ura ake kafawa mai auna gurɓatar iska, domin in mutane suka cika ɗaki a rufe, numfashinsu kaɗai ya isa ya sa kai ya yi nauyi, hamma ta fara zagayawa. Mu kuma muna sayen hoton da suka riga suka yar.

Tsoron ɗaki mai faɗi ma ba yau Turawan Ingila suka fara shi ba. Da bam ɗin Jamus ya rushe zauren majalisar wakilansu a 1941, Firayim Ministansu Churchill ya dage a sake gina shi yadda yake, matsattse, benci na fuskantar benci. Har yau 'yan majalisa 650 ne, wurin zama bai kai 430 ba, ranar babbar muhawara wasu a tsaye suke. Majalisar da ke ba Sarkin Ingila shawara kuwa, tun zamanin Sarauniya Biktoriya a tsaye ake zamanta, shi ya sa ba ta daɗewa. Ka kwatanta da namu, inda ake auna girman kamfani da tsawon tebur.

Kada a ɗauka komai nasu daidai ne. Na haɗa waya a wani ɗaki da aka sa lilo a madadin kujera, wai don tunani ya buɗe. Wata uku aka kira mu muka dawo, lilon na jingine a sito. Akwai kuma ɗakunan gilas na tsakiyar ofis, inda za a kira ma'aikaci a sallame shi, kowa na kallonsa kamar kifi a kwalba. Ba Bakatsinen da zai yarda da wannan tonon silili, mu da aka sani da kunya.

To, a daren nan na zauna a zauren gidanmu na cikin gari, wanda marigayi Baba ya ƙi yarda a rushe. Na tafa hannu, shiru. Bangon tubali ne mai kaurin da za ka zauna a kansa, rufin azara, da bakan gizo guda biyu da suka haɗu a tsakiya. Azara ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ya wuce kamar mita 2, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan, rufi ya tashi sama, zafi ya bi shi ya bar mutane a ƙasa. Ƙasar bangon tana shan rana da yini, ba ta sako zafin sai dare ya yi. Ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, iska na wucewa amma idon mai wucewa ba ya shiga. A nan aka sha raba gado, aka ɗaura aure, aka sasanta rikicin gona, mutum 15 a kan tabarma, ba wanda ya taɓa cewa a maimaita. Wanda ke shakka ya je tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Ya shiga da tsakar rana, ya ji abin da jikinsa zai gaya masa.

Zaure ma da nasa aibun. Babu soket, gwiwar dattijo ba kullum take son tabarma ba, ginin ƙasa yana neman yaɓe bayan damina, kuma wuri ne na maza. Akantar kamfanin Yaya mace ce, ita ta fi kowa sanin inda kuɗin yake, dole a yi ɗakin da za ta zauna a ji muryarta. Saboda haka ban ce masa ya koma tabarma ba.

Cewa na yi ya kira kafinta ya raba teburin gida uku, a riƙa haɗawa da warewa gwargwadon yawan mutane. Gilas ɗin yamma a yi masa rumfa daga waje, don labulen ciki ba ya hana zafin da ya riga ya shigo, sannan a fasa tagogi biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda ƙurar hunturu. Allunan shanye ƙarar da muke sayarwa da fam masu yawa, ba komai ba ne illa katako da abu mai laushi a ciki, an lulluɓe da yadi. A cusa auduga, a lulluɓe da luru ko gwado na masaƙanmu, a jera fayafai masu launi a tsakani, ya fi hoton dogayen benayen Dubai da ya rataye kyau nesa ba kusa ba. Fanka da fitila a ɗora su kan sola. Kujeru marasa taya, masu gajeren hannu. Kuma a ware wurin alwala da na ajiye takalmi kusa da ƙofa, tunda duk taron da aka fara bayan azahar sai la'asar ta katse shi, maimakon manyan mutane su riƙa tsallake kwata da buta a bayan gini.

Yaya ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Yanzu kai duk zamanka a Turai, luru ka koyo?"

Na koma bakin aiki da sati uku sai ga hoto ya turo mini ta WhatsApp. An yi rumfar, an fasa taga ɗaya, ga luru guda huɗu a bango. Teburin yana nan yadda yake, ya ce wanda ya sayar masa sirikinsa ne. Kujerar shugaba ma tana nan, sai dai an matso da ita tsakiya, kusa da tagar.