Bingo a tsakar gidanmu

Hutun makaranta ya zo, ga zafin Gusau, ga babu wuta, yara sun mayar min da gida kasuwa. Sai na tuna wani wasa da na gani a waya, bingo, na ce bari in haɗa musu ko sa zauna wuri ɗaya.

Wasan ba shi da wuya. Kowa da katinsa mai gida 25, biyar a tsaye biyar a kwance, a sama an rubuta B, I, N, G, O. Lambobin daga 1 zuwa 75 ne: ƙarƙashin B daga 1 zuwa 15, I daga 16 zuwa 30, haka har O mai 61 zuwa 75. Gidan tsakiya kyauta ne, tun kafin a fara a rufe yake. Mai kira ya zaro lamba ba tare da ya leƙa ba ya faɗa, wanda take katinsa ya rufe ta. Duk wanda ya riga cika layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya ɗaga murya ya ce "Bingo!" Irin na Amurka ke nan, na Ingila lambobinsa 90 ne.

Na yanka kwalin taliya na zana katuna, na rubuta lambobi a murafun lemo na zuba a ƙwarya. A 1929 da wani mai sayar da kayan wasan yara, Edwin Lowe, ya ga ana wasan a jihar Jojiya, da wake suke rufe lambobin. Mu ranar babu wake a gidan, sai na raba soyayyiyar gyada. Lada kuma, duk wanda ya ci an yafe masa wanke-wanke.

Surukata Hajiya ta jawo tabarma ta ce a ba ta nata. Da na yi mata bayanin gidan kyauta sai ta dube ni. "Ke ɗiyar nan, ni da jikokina rabonmu ɗaya? Ukku nika ɗauka." Ta ɗora gyada uku inda ta ga dama. Wa zai ce mata a'a?

Muna kan lamba ta goma sha wani abu Auta ya miƙe yana tsalle, wai Bingo. Doka ce sai mai kira ya duba kati ya tabbatar. Na duba, babu gyada ko ɗaya a kai, kumatunsa ne kawai ke motsi. Ya rantse layin ya cika kafin ya cinye, kuma in ban yarda ba in tambayi Hajiya. Hajiya ta ce ita shaida ce.

Ana cikin wannan shari'a maigida ya yi sallama, daidai lokacin da nake ƙwala "G 52!" Ya tsaya a bakin zaure, ya dubi ƙwarya, ya dubi katuna, ya dubi mahaifiyarsa. "Caca kuka buɗe min a gida? A Zamfara? So kuke 'yan Hisba su kwashe mu har da Hajiya?" Na ce a can waje dai sayen katin ake yi a ci kuɗi, wannan kam caca ce ba musu, amma mu ko sisi ba a sa ba, kwanuka ne a gaba. Ya yi shiru, can ya ce a ba shi kati ɗaya ya bincika da kansa. Kafin a jima, mai binciken ne ke zargina da ɓoye N 40 a ƙasan ƙwarya, wai tun ɗazu ita kaɗai yake jira.

Kafin magariba babbar ta ci, mai bi mata ya ci, Auta ya ci a bisa shaidar Hajiya. Hajiya ta ci sau biyu, ta ce ɗayan ta ba ɗanta. Ni da nake kira ba ni da kati. Da aka idar da salla na tsugunna gaban tulin kwanuka har da tukunyar tuwo, su kuma suka sake zama. Hajiya ce ta karɓi ƙwarya. Ba ta karanta lambar boko, sai ta zaro murfi ta miƙa wa Auta ya faɗa, shi kuma ya leƙa katinsa tukuna kafin ya buɗe baki.