Ba ƙanƙanta ce ta durƙusar da ƙwallon Togo ba

Rabon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Togo da gasar cin kofin nahiyar Afirka tun wadda aka yi a Gabon a 2017, inda ta ƙare a ƙarshen rukuninta da maki ɗaya tak. An yi ta 2019 da ta 2021 da ta 2023 da ta 2025 babu ita, duk da cewa tun 2019 aka ƙara yawan ƙasashen da ke shiga daga 16 zuwa 24, wato an buɗe ƙofa sosai amma ta kasa wucewa. Idan maganar ta taso a majalisarmu a nan Birnin Kebbi, amsar da ake saurin bayarwa ita ce Togo ƙaramar ƙasa ce, zuwan da ta yi gasar kofin duniya ta Jamus a 2006 sa'a ce kawai, yanzu kuma ta koma inda ta dace. Ni ban gamsu da wannan amsa ba, kuma ina ganin tana wanke mutanen da bai kamata a wanke ba.

Mutanen Togo sun haura miliyan 8. Cape Verde, wadda jama'arta ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba, ta samu gurbin gasar kofin duniya ta 2026. Comoros ta tsallake matakin rukuni a gasar Afirka ta 2021, Gambiya kuma ta kai zagayen ƙasashe takwas a wannan gasar, a ƙarƙashin Tom Saintfiet, kocin da ya riƙe Togo a 2015 bai daɗe ba aka rabu. Hujjar ƙanƙanta ba ta da ƙafar tsayawa.

Gurbin gasar duniya da Togo ta samu a 2005 ma ba a banza ya zo ba. Marigayi Stephen Keshi, ɗan Najeriya, ya haɗa 'yan wasan da yawancinsu ke buga wa ƙananan kulob-kulob, ya ɗora su a kan Emmanuel Adebayor, suka zo na ɗaya a rukunin da ke da Mali da Zambiya da Senegal, wadda shekara uku kafin nan ta doke Faransa a gasar duniya. Adebayor ya ci ƙwallo 11 a wasannin neman gurbin, aka kuma rufe da nasarar 3-2 a kan Kwango a Brazzaville. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda abin ya shigo mana har gida. 'Yan kasuwarmu da ke bi ta Kamba su tsallaka Gaya da Malanville su gangara Lome sun riƙa dawowa da rigunan Togo masu launin ɗorawa a cikin kayansu, yara kuma suna rubuta lamba 25 da alli a bayan singileti saboda ita Adebayor ke sawa a Arsenal. A gidan kallon unguwarmu, ranar da ɗan wasan Togo Mohamed Kader ya fara zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo a gasar ta Jamus, sai da aka karya benci don murna, alhali babu ko Batoge ɗaya a cikinmu. Najeriya ba ta je ba a shekarar, sai muka ari maƙwabta.

To amma tun kafin a isa Jamus shugabannin ƙwallon ƙasar sun fara rushe abin da aka gina. Bayan Togo ta sha kashi a wasanninta uku a gasar Afirka ta Masar a farkon 2006, ga kuma saɓani tsakanin Keshi da Adebayor, sai aka sallami mutumin da ya kai su, aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister ana saura 'yan watanni. A Jamus ɗin kuwa rigimar kuɗin alawus ce ta cinye sansanin: Pfister ya ajiye aiki ana gab da wasan farko sannan ya dawo, 'yan wasa suka yi barazanar ƙin fita wasa da Switzerland har sai da FIFA ta sa baki. Koriya ta Kudu ta rama ta ci 2-1, Switzerland da Faransa kowacce ta ci 2-0. Hukumar da ta san tun watan Oktoba cewa za ta je gasar duniya, ta kuma san kuɗin da FIFA ke bai wa duk ƙasar da ta je, ba ta da uzurin barin maganar alawus har sai an sauka a masauki.

Ba na musun cewa Togo ta ga jarrabawa irin wadda ƙasashe kaɗan suka gani. A watan Yunin 2007 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Lungi ta Saliyo bayan wani wasan neman gurbi, ministan wasanni Richard Attipoé da wasu jami'ai da magoya baya suka rasu. Ranar 8 ga Janairun 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a Cabinda ta Angola, tana kan hanyar zuwa gasar Afirka, mataimakin koci da jami'in yaɗa labarai suka mutu, mai tsaron raga Kodjovi Obilalé ya samu raunin da ya raba shi da ƙwallo har abada. Da gwamnati ta kira 'yan wasanta gida, sai hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a zamanin shugabanta Issa Hayatou ta haramta musu gasa biyu, hukuncin da har yau nake kallo a matsayin zalunci tsagwaronsa, ko da yake an janye shi daga baya. Allah Ya kiyaye mu da irin wannan rana.

Sai dai ba ɗan bindiga ne ya tura ƙungiyar bogi Bahrain ba. A watan Satumban wannan shekarar ta 2010, wata takwas bayan Cabinda, wasu mutane sanye da rigar Togo suka buga wasan sada zumunta da Bahrain aka ci su 3-0, daga baya hukumar ƙwallon Togo ta ce ba ta san da su ba, bincike kuma ya kai ga dakatar da wani tsohon kocin ƙasar. A ganina wannan labari ya fi kowane bayyana cutar. Inda har wani zai iya kwasar rigar ƙasa da takardunta ya hau jirgi da su ba wanda ya tare shi, to gidan ba shi da maigida. Rikicin shugabanci ya ci gaba har FIFA ta naɗa kwamitin riƙon ƙwarya a 2014, gasar lig ta cikin gida kuma ta yi ta tsayawa, ga shi ita ce kaɗai hanyar da yaron Sokodé ko Kara zai nuna kansa kafin wani ya ɗauke shi zuwa waje.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san bambancin shekarar da ruwa ya zo daidai kowa ya cika rumbu, da gonar da aka haƙa wa rijiya aka saya mata inji tana ba da amfani rani da damina. Togo ta samu damina mai albarka da Adebayor da Kader da mai tsaron raga Kossi Agassa, ba ta haƙa komai ba. Ragowar wannan zubin ne ya kai ta zagayen ƙasashe takwas a 2013 a Afirka ta Kudu, karo na farko a tarihinta, inda Burkina Faso ta fitar da ita 1-0 a ƙarin lokaci. Burkina ɗin ce Keshi ya doke a wasan ƙarshe ya ɗaga kofin da Najeriya, shekara bakwai bayan an nuna masa ƙofa a Lome.

Akwai masu ɗora wa Adebayor laifi saboda yawan yajinsa da cacar baki da hukuma, kuma ba zan ce duk abin da ya yi daidai ne ba. Amma shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2008, shi ne ya fi kowa ci wa ƙasar ƙwallo, kuma har watan Maris na 2019, yana ɗan shekara 35, shi ake jira ya ceci ƙungiyar a Kwatano, ranar da Benin ta yi nasara 2-1 ta tafi gasar Afirka ta Masar ta bar su a gida. Ƙasar da ta shafe fiye da shekara goma tana jingine da mutum ɗaya ba ta tanadi magaji ba, ba shi ya kamata ta tuhuma ba.

Maganin da hukumar ta fi sani shi ne sauya koci. Bayan Pfister an ga Hubert Velud da Didier Six da Saintfiet da Claude Le Roy, wanda ya taɓa cin kofin Afirka da Kamaru a 1988, da Paulo Duarte, kowannensu ya zo da alƙawari ya tafi da suka. A 2024 aka miƙa wa ɗan gida Daré Nibombé, mai tsaron baya a tawagar da ta je Jamus, wanda ya ga rigimar alawus da idonsa. Shi ma bai kai su gasar Afirka ta 2025 a Maroko ba, kuma Togo ba ta kusanci gurbin gasar duniya ta 2026 ba.