An hana farautar kifin wel, yanzu yunwa ke bin sa

Tsakanin 2019 da 2023, igiyar ruwa ta jibge gawar kifin wel mai launin toka har 690 a gaɓar tekun Fasifik, tun daga Meziko har Alaska. Ba mafarauta ne suka kashe su ba. Da yawa daga cikin waɗanda masana suka duba ramammu ne, kitsen da ke lulluɓe jikinsu ya zaizaye. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta ƙiyasta cewa yawan wannan nau'i ya sauko daga kusan 27,000 a 2016 zuwa kusan 14,500 a 2023. Wato cikin shekara 7 kusan rabinsu sun tafi, alhali dokar da ta haramta farautarsu don kasuwanci tana nan daram.

Ra'ayina a nan shi ne, duniya ta yi shekara 40 tana tsaron wuyan wannan dabba daga mashi, ta manta da cikinta. Hana kisa ya yi aikinsa, amma ya kai iyakarsa. Abin da ya rage shi ne a tsare abincin.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san girman halittar da muke magana a kai. Rundunar Abu Ubaida bin Jarrah, mutum 300, yunwa ta kai su ga cin ganye, sai teku ta jefo musu wata dabba da suka kira Anbar. Suka yi makonni suna ci, har aka kafa ƙashin haƙarƙarinta mahayin raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Wel dabba ce mai haihuwa da shayarwa, mai fitowa saman ruwa ta shaƙi iska. Akwai masu haƙora, akwai kuma waɗanda Allah ya ba matata a maimakon haƙora, kuma su ne mafiya girma. Matatar wasu dogayen faya-fayai ne ɗaruruwa da ke jere a muƙamuƙin sama, sinadarinsu ɗaya da na farcen mutum da ƙahon sa, gefensu na ciki kuma gashi-gashi ne.

Shuɗin wel, wanda ba a san wata dabba da ta kai shi girma ba, yana kai mita 30, nauyinsa na iya haura tan 150. Amma abincinsa kiril ne, wani ɗan jatan lande da bai wuce santimita 6 ba. Idan ya hango dandazonsu sai ya ƙara gudu, ya wangale baki, fatar maƙogwaronsa mai ninki-ninki ta buɗe ta ɗauki ruwan da nauyinsa ke iya kai na jikinsa. Sai ya rufe baki, ya tura ruwan waje ta cikin matatar, kiril ya maƙale a gashin, ya haɗiye. Kowace wangalewa tana cin ƙarfi sosai, don haka ba ta da riba sai inda kiril ya taru cunkus. Idan abincin ya warwatsu, ko da yawansa bai ragu ba, wel ya yi asara. Wani bincike da masana daga jami'ar Stanford suka jagoranta a 2021 ya nuna shuɗin wel na iya cin tan 16 na kiril a rana guda a lokacin kiwo, kuma waɗannan manyan dabbobi suna cin kusan ninki uku na abin da ake zato a da.

Ga wani abu kuma da ke ƙara tsananta lamarin. Yawancinsu 'yan watanni kaɗan suke cin abinci a shekara, a ruwan sanyi na can kusa da ƙarshen duniya ta arewa ko ta kudu. Daga nan su kama tafiyar dubban kilomita zuwa ruwan ɗumi inda suke haihuwa, kusan ba ci. Uwa da kitsen da ta tara take tafiya, da shi take haihuwa, da shi take shayarwa, da shi take komawa. Idan kiwon bana ya ɓaci, baɗi za a ga sakamakon a yawan jarirai.

A ƙarni na 20 jiragen farauta sun kashe wel kusan miliyan 3, galibi don mai. A 1982 hukumar kula da farautar wel ta duniya ta amince da dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986. Kada a raina wannan mataki. Wel mai doro da ke haihuwa a gaɓar Brazil ya taɓa raguwa zuwa kimanin 450, yau ana ƙiyasta shi a kusan 25,000. To amma a daidai lokacin da ake murnar wannan farfaɗowa, tekun kanta tana canzawa, domin ita ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ke tarewa a duniya.

Dubi wel mai launin toka. Shi a ƙasan teku yake kiwo, a ruwan Bering da Chukchi tsakanin Alaska da Rasha. Yana nutsewa ya kwanta ta gefe, ya zuƙi laka, ya tace ƙananan halittun da ke cikinta. Su kuma waɗannan halittu da gansakukar da ke tsirowa ƙarƙashin ƙanƙara suke rayuwa, idan ta mutu ta zubo ƙasa. Ƙanƙara ta ragu, gansakuka ta ragu, laka ta tsiyace. Gaskiya ne cewa yawan wannan nau'i ya riga ya kai abin da makiyayarsa za ta iya ɗauka, kuma an taɓa ganin irin wannan mace-mace a 1999 da 2000 suka farfaɗo. Amma wannan ba hujjar kwanciyar hankali ba ce, domin makiyayar ce kanta ke tsukewa. Haka wel mai doro na arewacin Fasifik: bayan zafin ruwan da ya mamaye yankin daga 2014 zuwa 2016, bincike ya ƙiyasta an rasa kusan 7,000.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani nau'i baƙi mai faɗin baya da ke zaune a gaɓar gabashin Amurka da Kanada, wanda duk duniya ba su kai 400 ba. Shekaru da dama an san inda suke kiwo, a mashigin Main da kewaye, kuma a can aka shata dokoki, har aka karkatar da hanyar jiragen ruwa dominsu. Daga wajen 2010 ruwan wurin ya ɗumama, ƙwayoyin halittar da suke ci suka ragu, sai wel suka bi abinci arewa zuwa mashigin Sant Lorans na Kanada, inda babu wata doka da ke jiransu, sai manyan jiragen dakon kaya da igiyoyin tarkon ƙaguwa. A 2017 aka samu gawar 17, 12 daga ciki a ruwan Kanada. A kakar haihuwa ta 2018 ba a ga jariri ko ɗaya ba. Fiye da kashi 85 cikin 100 na wannan nau'i sun taɓa sarƙewa da igiyar masunta aƙalla sau ɗaya. Igiyar takan shiga baki ta naɗe matata, dabbar ta yi watanni tana jan ta, tana yankar nama, ga yunwa.

Mutumin Dukku ko Nafada ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mun ga abin da ke faruwa idan ciyawa ta ƙare a inda makiyayi ya saba, ya kora garke zuwa inda ba a taɓa shata burtali ba: gona ce a gabansa, kwalta ce a bayansa. Dokar da aka zana bisa taswirar jiya ba ta kare dabbar da yunwa ta tayar yau. Abin da Kanada ta yi daga baya shi ne ya burge ni. Ta tilasta wa jirage rage gudu zuwa kusan kilomita 18 a awa, ta kuma sa dokar ta riƙa bin dabbar: duk inda aka hango wel, sai a rufe wurin ga masu tarko na kwana 15. Masunta sun yi ƙorafi, kuma suna da dalili, abincinsu ne. Amma dokar da ke tafiya da ƙafarta ita kaɗai ta dace da teku mai canzawa.

Inda na fi ganin son zuciya ƙarara shi ne tekun Antatika. Jariran kiril a ƙarƙashin ƙanƙara suke fakewa su ci gansakuka lokacin hunturu, ga shi a 2023 ƙanƙarar yankin ta ragu fiye da duk abin da tauraron ɗan'adam ya taɓa aunawa. Bincike ya nuna cibiyar taruwar kiril a ɓangaren Atlantika ta matsa kudu da kusan kilomita 440 cikin shekara 90. A wannan hali ne manyan jiragen kamun kiril, na Norway a kan gaba, suke zuƙe shi a wuraren da wel ke kiwo, don a yi abincin kifin gona da ƙwayoyin ƙarin lafiya. Iyakar da aka sa a ɓangaren Atlantika ita ce tan 620,000 a shekara, kuma a 2025, karo na farko, an cike ta tun watan Agusta har aka rufe kamun. Hukumar da ke kula da yankin, mai zama a birnin Hobart na Ostareliya, sai duk ƙasashen da ke cikinta sun yarda take yanke hukunci, kuma China da Rasha sun sha toshe shawarar keɓe wuraren kariya. Zafin teku ba ya sauka cikin shekara guda ko da duniya ta tuba yau. Raga kuwa, sa hannu ɗaya ya isa ya janye ta daga bakin wel.

Masu kamun suna cewa abin da suke ɗauka kaɗan ne idan aka kwatanta da kiril ɗin da ke tekun, kuma a lissafin jimla haka ne. Matsalar ita ce daga ina ake ɗauka. Akwai kuma darasin da tarihi ya bayar: da aka kashe wel miliyoyi an zaci kiril zai yi ambaliya, sai aka ga bai yi ba. Kashin wel na ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke takin gansakukar da kiril ke ci. Mai cin abincin shi ne kuma mai zuba masa taki.

Da na kawo wannan zance a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Gombe, wani dattijo ya ce da ni, "Malam, mu da ruwan da muka sani shi ne na Dadin Kowa, ina ruwanmu da kifin Turawa? Rubuta mana tsadar taki." Na ce, "Baba, damunar da kake jira kafin ka zuba takin, daga tekun take zuwa." Iskar da ke kawo mana ruwan sama daga Atlantika take tasowa ta mashigin Gini, kuma masana sun danganta farin da ya addabi yankinmu a shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin saman teku. Ba na cewa ceton wel zai kawo ruwa a Kaltungo. Ina cewa ramar wel alama ce ta halin da tekun ke ciki, kuma mu ma a ƙarƙashinta muke noma. Ruwan Gongola ma da ya wuce Dadin Kowa, ta Numan yake shiga Binuwai, ya haɗu da Neja a Lakwaja, ya ƙare a wannan teku da duk abin da muka zuba masa.

Kuma kifin ba na Turawa kaɗai ba ne. Kowace shekara, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, wel mai doro yana barin Antatika ya zo mashigin Gini ya haihu, ana ganinsa a ruwan Gabon har zuwa Benin da Togo, Najeriya na tsakiya da gaɓar teku mai kusan kilomita 850. Lokaci-lokaci mukan ga hotunan wanda ruwa ya jefo a gaɓar Bayelsa, jama'a sun kewaye shi da adda da robobi. Ban ga laifin mai yunwa ba, amma ya kamata jami'in cibiyar binciken teku da ke Legas ya riga adda isowa, ya auna kitse, ya duba ciki, ya rubuta.

A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa. Mafi yawan abin da muke ji daga can zancen tashoshin jirage ne da kuɗin shiga. Ina so a ƙara mata aiki mai sauƙin kuɗi: a ƙidaya wel ɗin da ke shigowa ruwanmu a waɗannan watanni, a san hanyar da suke bi, a sa manyan jiragen da ke nufar Legas da Onne su rage gudu inda uwa da ɗanta suke, a kuma ɗage binciken mai da ake yi da ƙara mai ƙarfi a ƙarƙashin ruwa zuwa watannin da ba sa nan. 'Yan majalisarmu na Gombe da Bauchi suna da ƙuri'a a kan kasafin wannan ma'aikata daidai da na Ribas da Legas, su tambayi nawa aka ware wa wannan aiki.