Sarakunan tsohuwar Masar: gadon da sunan Fir'auna ya rufe mana

A bakin Bahaushe, kalmar Fir'auna zagi ce. Duk shugaban da ya taurare wa talakawa, ko maigidan da ya hana iyalinsa sakat, da wannan suna ake jifansa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin Alƙur'ani ya ba mu labarin wanda ya yi wa Annabi Musa (AS) girman kai har ya yi da'awar allantaka. Babu mai imanin da zai nemi wanke wannan azzalumi. Sai dai ina ganin mun yi wa kanmu asara da muka bar mutum ɗaya ya tsaya a madadin sarautar da ta shafe kusan shekara 3,000 a bakin Kogin Nilu, wato a cikin nahiyarmu. Asalin kalmar ma a harshensu “babban gida” take nufi, kamar yadda muke cewa fada, kuma sarakuna da yawa sun zauna a wannan gida, nagari da mugaye. Alƙur'ani kansa bai yi musu kuɗin goro ba, domin sarkin zamanin Annabi Yusuf (AS), wanda ya saurari fassarar mafarki ya kuma danƙa rumbunan ƙasa a hannun amintacce, da sunan sarki aka ambace shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin waɗannan sarakuna shi ne iya tsara aiki. Babbar dalar Giza, wadda aka gina wa Sarki Khufu kimanin shekara 2,560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsayinta ya kai mita 146, an jera mata duwatsu wajen miliyan 2.3, kuma ta yi shekara kusan 3,800 babu ginin da ya fi ta tsawo a duniya. Wanda ya taɓa jin yadda 'yan dako suka riƙa tsara buhuna a dalar gyada ta Kano a da zai iya kwatanta abin da ake bukata na lissafi da shugabanci kafin a ɗora dutse mai nauyin tan biyu a kan ɗan'uwansa har sama. A shekarar 2013 masu tonon kayan tarihi sun gano wasu takardu a Wadi al-Jarf, a gaɓar Bahar Maliya, waɗanda wani jami'i mai suna Merer ya rubuta. A ciki ya yi bayanin kwana da kwana yadda shi da mutanensa suke ɗauko farin dutse daga Tura a cikin jiragen ruwa zuwa Giza. Kusa da dalar kuma an tono unguwar ma'aikata da wuraren gasa burodinsu da kaburburansu. Ba na musun cewa aiki ne mai cin rai, kuma talaka ne ya sha wuyarsa, amma waɗannan shaidu sun isa su rufe bakin masu cewa wasu halittu daga sama ne suka yi ginin, maganar da ba ta da tushe sai ƙin yarda cewa mutanen Afirka za su iya.

Ba a gini kaɗai suka tsaya ba. Sarauniya Hatshepsut ta yi mulki sama da shekara 20, ta aika ayarin fatauci zuwa ƙasar Punt suka dawo da turare da itatuwa masu rai don dasawa, Ramses na Biyu kuwa ya ƙulla yarjejeniyar sulhu da daular Hitti, da ke yankin Turkiyya ta yau, wajen shekarar 1259 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda kwafinta ke rataye a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York.

Akwai masu tambaya, kuma tambayarsu tana da nauyi: ina ruwan Bahaushe da Masar? Ni ba na cikin masu ƙirƙiro salsala don su ce daga zuriyar Fir'auna muke, kuma muhawarar launin fatar mutanen tsohuwar Masar, wadda masani Cheikh Anta Diop na Senegal ya kai gaban taron UNESCO a Alƙahira a 1974, ba ita ce ginshiƙin hujjata ba. Hujjata ita ce Masar ƙasar Afirka ce, ruwan da ya raya ta daga tsaunukan Habasha da tafkin Biktoriya yake gangarowa, sannan masana harsuna sun daɗe da sanya Hausa da harshen tsohuwar Masar cikin dangi ɗaya, tare da Larabci da harsunan Buzaye. Kalmarmu ta “mutu” tana da 'yar'uwa a rubutunsu mai baƙaƙe iri ɗaya da ma'ana ɗaya. Wannan dangantaka ce mai nisa ƙwarai, amma ta gaskiya ce, kuma ta fi tatsuniya amfani.

Sai kuma sarakunan Kush, daular da ke kudu da Masar, waɗanda a ganina su ne aka fi zalunta a littattafan makaranta. Wajen shekarar 727 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Piye ya taso daga Napata, a gindin dutsen Jebel Barkal da ke Sudan ta yau, ya bi Nilu da yaƙi har ya mallaki Masar, zuriyarsa kuma suka zama gidan sarauta na 25. A kan dutsen da ya rubuta labarin nasararsa, Piye ya faɗi yadda ya shiga bargar wani sarki da ya ci da yaƙi, ya tarar an bar dawaki da yunwa, ya ce wannan ya fi ɓata masa rai a kan sauran laifuffukan mutumin. Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake hawan salla zai gane wannan hali. Taharƙa, wanda ya hau gado a shekarar 690 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi gine-gine daga Karnak da ke Masar har cikin Sudan, ya kuma tari rundunar Assuriya, daular da ta fi kowace ƙarfi a lokacin. Bayan sarakunan Kush sun bar Masar mulkinsu bai mutu ba, ya ci gaba a birnin Meroe da ke Sudan ta yau ɗaruruwan shekaru, da rubutunsu na kansu da maƙeransu na ƙarfe, har suka bar dala fiye da 200, adadin da ya zarce na Masar kanta.

Abin da aka yi wa wannan gado yana da ciwo. A 1834 wani ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya rusa kawunan dalolin Meroe yana neman zinariya. Daga baya George Reisner na Amurka, wanda ya yi tono mai yawa a yankin, ya kafe cewa ba baƙaƙen fata ne suka kafa wannan sarauta ba. Mutum-mutumin kan Sarauniya Nefertiti ta Masar yana Berlin, Dutsen Rosetta mai ɗauke da rubutun tsohuwar Masar yana Landan tun 1802.

To amma laifin yau ba na Bature ba ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartoum, inda aka adana kayan Kush, kuma da hannun 'yan Afirka aka yi. Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu, domin ta nan kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa zuwa Makka, wasu suka zauna, jikokinsu suna can a Mai Wurno da Gadarif suna magana da Hausa. Alfaharin da muke yi a Facebook da hotunan dala ba zai dawo da ko tulu ɗaya ba. Ina so in ga Tarayyar Afirka ta tsaya tsayin daka wajen bin sawun kayan da aka sace kafin su ɓace a kasuwannin ƙetare, ina kuma so in ga sunayen Piye da Taharƙa a manhajar tarihi ta makarantun Kano da Damagaram, kusa da na Sarauniya Amina da Mai Idris Aloma.