Ranar wasa ake gane filin ƙwallon da ya san da zaman masu nakasa

Duk filin ƙwallon da kaje yanzu in ka tambayi masu kula da shi ko sun yi tanadi wa masu buƙata ta musamman cewa zasu yi sun yi, kuma zasu kama hannunka su nuna maka, ga gangara ta siminti a gefen matattakala, ga alamar keken guragu shuɗiya an manna a bango, ga banɗaki mai faffaɗar ƙofa. Ba ƙarya suka yi ba. Matsalar itace ranar da suke zagayawa da kai ɗin nan filin fayau yake, ba kowa sai mai ban ruwan ciyawa, alhali ba dan ranar Talata da hantsi aka gina filin ba, dan ranar wasa aka gina shi, ranar da mutum dubu arba'in zasu matsu a geti cikin awa ɗaya kowa na sauri kar a take wasa babu shi. Ni dai a ganina duk wani duba da za'a yi wa fili a kan wannan maganar in ba ranar wasa aka yi shi ba to an ɓata lokaci ne kawai, ranar wanka ai ba'a ɓoye cibi.

Mu fara da abinda ya kawo kowa filin, wato ganin ƙwallo ta shiga raga. Ka ɗauki mutum a keken guragu an ajiye shi a wani ɗan dandamali a tsakiyar 'yan kallo, gabansa layin kujeru. Muddin kowa na zaune yana ganin fili tsaf. Toh amma wa yake zama in ɗan gaba ya yanke mai tsaron baya ya tunkari gola? Kafin ma ya buga duk layin gaba sun miƙe, shi kuma na keke abinda zai gani shine bayan riguna, sai dai ya ji ihu ya tambayi na kusa da shi wa ya ci. Minti casa'in ya kalli jifa da bugun gola da kwance-kwancen ɓata lokaci, daƙiƙa biyar ɗin da ya biya kuɗi dominsu kuwa an tare masa. Kuma kar wanda ya ɗora laifin a kan waɗanda suka miƙe, babu jami'in da ya isa ya zaunar da magoya baya a lokacin fanareti. Laifin na wanda ya zana wajen ne yana lissafi kamar masu kallon ƙwallo basa motsi. Maganin kuma ba ɓoyayye bane, a ɗaga dandamalin yadda idon wanda ke zaune a keke zai wuce saman kan dogon mutumin da ke tsaye a gabansa, shi kenan fa.

Wasu filayen dan su huta da wannan ɗawainiyar sai su jera masu keke a ƙasa bakin fili, bayan allunan talla. A hoto abin gwanin sha'awa, ga su dab da 'yan wasa. Amma wanda ya taɓa kallo daga ƙasa ya san wasan baya karantuwa daga can, ɗaya ragar ma da ƙyar kake hango ta, ga masu ɗaukar hoto, ga 'yan benci na ɗumama jiki a gabanka, ga jami'an tsaro sun juya wa fili baya sun tsaya ƙiƙam, in ruwa ya sauko kai ne na farko da zai jiƙe sabida rufin bai kai nan ba, in an ɗirko ƙwallo ta kauce wa raga kowa zai iya gocewa banda kai. Shi yasa littafin ƙa'idojin filayen Ingila, wanda ya fito a 2003, ya ce kar guraben bakin fili su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na duka guraben masu keke. Akwai kuma wata wadda tafi bani haushi, mai goyon bayan ƙungiyar baƙi ya sha doguwar tafiya ya zo, sai a ce ɓangaren baƙi babu wajen keke, a kai shi cikin magoya bayan masu gida. Ƙungiyarsa ta ci ƙwallo baida ikon ɗaga hannu, abokan da suka zo tare suna can ɗaya kusurwar suna waƙa shi yana nan ya yi gum. Kallon ƙwallo a fili ai dan jama'a ake zuwa, in dan ganin wasan ne kawai talabijin tafi nuna shi da kyau harda maimaici.

Da an taso da maganar nan abu na farko da zaka ji shine babu kuɗi, filin tsoho ne, gyaran da tsada. Toh bari mu duba waɗanda kuɗi bai taɓa zama matsalarsu ba. Ƙa'idar nan ta 2003 ta ce fili mai ɗaukar mutum 40,000 ya tanadi guraben keke 210, sannan duk ƙarin mutum dubu a ƙara gurbi 2. Ba wani abu bane mai yawa, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari kenan. Amma a 2014 binciken BBC ya gano kulob 3 ne kacal cikin 20 na gasar Firimiya suka cika adadin, bayan sama da shekara goma da fitowar ƙa'idar. A farkon 2015 gasar ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na cikin gida na shekara uku a kan sama da fam biliyan 5, sai a watan Satumba na shekarar, bayan an sha surutu har a majalisa, kulob-kulob ɗin suka yi alƙawarin cika ƙa'idar kafin Agustan 2017. Wa'adin ma ya cika ba duka suka gama ba, sai da hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan adam ta ƙasar ta sa baki tana barazanar matakin shari'a. An samu gyara sosai daga baya, wannan gaskiya ne, amma ka lura ba kuɗi ne suka ƙaru dare ɗaya ba, matsi ne ya ƙaru. Kulob ɗin da ke iya canza ciyawar fili duk kaka, ya faɗaɗa ɗakunan manyan baƙi masu gilashi, ba zai ce min lif ɗaya, wato na'urar hawa bene, ya gagare shi ba.

Ƙananan kulob kam na yarda suna da uzuri, wani filin an gina shi tun kafin a haifi kakan mai kulob ɗin kuma kuɗin geti da ƙyar yake biyan albashi. Sai dai yawancin abinda ke ɓata wa mai nakasa ranar wasa ba siminti bane. Motar wani babba ce aka faka ta daidai bakin gangara. Banɗakin masu keke ne aka mayar da shi sito an cika shi da bokitai da tsintsiya, ko an kulle makullin na aljihun wani wanda ya tafi kallon wasa, hutun rabin lokaci kuma minti 15 ne kacal. Jami'in geti ne da aka ɗauko da safen nan bai san ina ƙofar masu keke take ba, ya ce ka zagaya ɗaya gefen, kaje can a ce ka dawo. Tikiti ne kowa ke saye a waya cikin minti biyu, shi kuwa mai nakasa sai ya kira wata lamba da ba'a ɗagawa kuma duk kaka sai ya sake kawo takardar shaida kamar ƙafar zata tsiro. Ko gangarar da ake alfahari da ita wani lokacin an yi ta ne a miƙe, alhali ƙa'idar da aka fi bi, irin ta dokar Amurka, itace duk tudun mita 1 a bashi tsawon mita 12, in tafi haka tsini sai an turo mutum, saukowa kuma sai addu'a.

Wani zai ce ai ko an tanada basa zuwa, ga gurabe nan babu kowa. Wannan an juya maganar ne. Mutumin da ya zo sau ɗaya aka ciccibe shi da kekensa a matattakala mutane na kallo, ya riƙe fitsari awa uku, bai ga ƙwallo ko ɗaya ba, me zai dawo yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa mai tasiri, mutum ɗaya cikin shida kenan, kuma kowannensu in zai zo ba shi kaɗai zai zo ba. Sannan yawancinsu ma ba a keke suke ba. Akwai dattijon da gwiwa ta hana shi hawa bene yana buƙatar kujera kusa da ƙofa da ƙarfen riƙewa. Akwai makaho wanda sharhin rediyo na yau da kullum baya isarsa, shi sharhi na musamman yake so a kunne wanda zai gaya masa ƙwallo na gefen hagu, mai tsaron gida ya fito, alƙali ya nufi aljihu, kuma an yi irinsa da Larabci da Turanci a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar. A can ɗin kuma filaye uku, Al Bayt da Lusail da Education City, sun ware ɗakuna marasa hayaniya dan yara masu larurar otizim da ƙara ke firgitawa, dabarar da kulob ɗin Sunderland na cikin waɗanda suka fara ta a Ingila. Kurma kuwa duk sanarwar da aka yi ta lasifika in ba'a rubuta a allo ba bata same shi ba, harda ta gobara.

Wannan na ƙarshen ya kawo mu inda abin ya wuce maganar jin daɗi. Ranar 28 ga Mayun 2022, wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a Stade de France, an matse magoya baya a hanyoyi ƙunƙuntattu, an rufe geti, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa, wasan ya makara sama da rabin awa. A cikin turmutsutsun nan akwai masu keke da makafi da yara, mutanen da basa iya gudu kuma fuskarsu na daidai ƙugun jama'a. Shugaban ƙungiyar magoya bayan Liverpool masu nakasa a lokacin, Ted Morris, sai da ya je gaban majalisar dattawan Faransa ya ba da bahasin abinda suka gani, kuma kwamitin bincike mai zaman kansa a Fabrairun 2023 ya ɗora babban alhakin a kan UEFA. Filin nan fa ba ƙaramin fili bane, an buga wasan ƙarshe na kofin duniya a cikinsa a 1998, a takarda yana da komai. Tsarin ranar ne ya rushe, kuma da ya rushe waɗanda suka fi rauni ya fara dannewa. Ko a fili mai lif tambayar da ba'a cika yi ba itace in ƙararrawa ta kaɗa aka ce kar a hau lif, wa zai sauko da mutum goma da ke saman bene a keke, ta wace hanya, kuma ya taɓa gwadawa kuwa?

Abinda nake ƙi shine a mayar da maganar ta sadaka, a kawo yara biyar a keke ranar wani biki a basu riga a ɗauki hoto da kyaftin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, a sashe na 30, ta ambaci shiga wuraren wasanni ƙarara a matsayin haƙƙi, kuma yawancin ƙasashen duniya sun amince da ita. Dan haka hukumomin da ke ba fili lasisi su daina zuwa duba ranar da babu kowa. Su zo ranar babban wasa tare da magoya baya masu nakasa na kulob ɗin, su bi su tun daga inda mota ke sauke su har kujera, su tsaya a dandamalin lokacin bugun kusurwa su ga me ake gani, su gwada banɗakin a hutun rabin lokaci, su fita tare da su bayan an tashi. Filin da ya faɗi a bashi wa'adi a rubuce, in ya wuce a rage masa adadin tikitin da zai sayar, kamar yadda ake yi wa wanda ƙofofin fitarsa basu cika ƙa'ida ba.