Gubar da ba ta ruɓewa, da masu cewa ciwon Turawa ne

Tun da majalisar dokokin Faransa ta zartar da dokar hana sinadaran PFAS a tufafi da kayan kwalliya a farkon 2025, na zaci mu da muke sayen ragowar Turai za mu ɗan razana. Ina! Abin da nake ji a majalisar unguwa da Facebook shi ne, "Malam, mu da ke fama da kwalara da zazzaɓin cizon sauro, wa ya aike mu?" Wani ma cewa ya yi ciwon masu ƙoshi ne.

Maganar nan ba ta da kai. Sinadaran nan, rana ba ta cin su, ƙasa ba ta ruɓar da su. Su ake sa wa rigar ruwa da kafet da takardar naɗe abinci mai maiƙo, su ne kuma a kumfar kashe gobarar man fetur da aka daɗe ana amfani da ita a filayen jirgin sama da matatun mai da sansanonin soja a duniya. Duk ukun muna da su a Kaduna. An samu gubar a jinin fararen beyar na can ƙuryar arewacin duniya, inda babu masana'anta ko ɗaya. Abin da ya kai can, Kogin Kaduna ne zai gagare shi?

A Parkersburg ta Amurka, inda kamfanin DuPont ya shekara da shekaru yana aiki da PFOA, ɗaya daga cikin sinadaran PFAS, an binciki mutum kusan 69,000, aka ga alamar alaƙa da dajin ƙoda, da na maraina, da ciwon maƙoƙo, da hawan jinin masu ciki. A 2023 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA cikin masu haddasa daji. Idan ya shiga jiki sai ya yi shekaru bai fita ba, yana kuma ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi.

Kwanaki na tsaya wajen wani mai gwanjo a Kasuwar Barci. Ya zaro rigar sanyi daga dila, ya watsa mata ruwan leda, ruwan ya gangare kamar a bayan agwagwa. "Ka gani Alhaji? Asalin ta waje!" Ba laifinsa ba ne, abincinsa yake nema. Amma rigar nan idan ta tsufa bola za ta tafi, damina ta wanke bolar zuwa kwata, kwata ta kai kogi, kifi ya tara abin a jikinsa, mu saya mu ci da yaji.

Masu cewa a tafasa ruwa kawai, su sani tafasawa ƙwayar cuta take kashewa. Wannan kuwa ruwan ne ke ƙonewa, gubar ta zauna a tukunya.

Najeriya na cikin yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, wadda ta taƙaita PFOS, wani nau'in PFAS, tun 2009 ta hana PFOA a 2019. To, hukumar kare muhalli ta NESREA da NAFDAC da hukumar ruwa ta jiha su ɗebo ruwan kogi daga Kakuri da Kabala, su haɗa da na rijiyoyin burtsatse da kifin da ake kamawa, su auna, su faɗa mana lambar da suka gani a rediyo.